Ruwa Ya Tafi Aike

Buhunan sukari bakwai na farke,
Kaltume ta haɗe su a kekenta.
Har yau, in rana ta biyo ta bayan zanen,
ana karanta sunan kamfani a juye.
Na ɗaura shi a gwangwala, na kafa tsakiyar kwale-kwale,
muka bar Blangwa ana shafa addu'ar asuba,
ni da Ɗantala, ɗan ƙanwata,
da gishiri mudu shida na masu banda,
da butar shayi, da ɗan guntun tsoro
wanda ba ya rabuwa da mai shiga ruwa.

Iska ta shigo zanen, ya yi ciki
kamar akuyar da za ta haifi biyu.
Na danƙa wa yaro igiya, na ce,
kada ka riƙe ta kamar ta ci bashinka,
saki kaɗan, ja kaɗan,
ka saurari abin da take faɗa wa tafinka.
Bado na buɗe ido, kainuwa na ba mu hanya,
ƙasan jirgi na shafar ciyawa, suu,
tafkin nan fa faɗi gare shi, ba zurfi,
zalɓe na tsaye a tsakiyarsa bai jiƙa gwiwa.

Da hantsi iskar ta ƙara wuya.
Wanda bai zauna nan ba ba zai yarda ba:
ita ke kora ruwan gaba kamar garke,
ta bar mana makwancinsa.
Na ji filafili ya taɓa ƙasa,
na ji jirgi ya yi nishi, ya zauna.
Laka.
Dama laka, hagu laka,
'yan karfasa na tsalle a sawun dorina,
Ɗantala ya dube ni, ya dubi sama,
ya ce, kawu, wa ya kwashe ruwa?

Na ce an aike shi ne, zai dawo.
Can nesa, a zurfin mashigi, mai inji ya wuce,
Gudusu ne, ya ɗaga hannu yana dariya,
ya yi ihu: a sayo fetur, Alhaji!
Ban tanka ba. Na sauke zane, na yi mana rumfa,
na hura gawayi a kasko.
Sukarin da ya maƙale a ɗinkin buhu
tuni ruwan bara ya gama lashewa.

A nan wurin, na ce masa, daidai nan,
kakanka ya nitsa gora mai gaba uku
bai sami ƙasa ba.
A nan giwan ruwa ya ja shi tun azahar
har sai da taurari suka fito kallo.
Yanzu dubi can, masarar Barka ce ta yi bunti
inda muke zuba taru ina yaro.
Yaro ya ce, to wanne ne gaskiya, gona ko tafki?
Na juya shayi, na rasa amsawa.

La'asar ta yi sanyi, iska ta gaji.
Shiru ya sauka, har muna jin kaskon yana hucewa.
Sai ga shi,
ba da ƙugi ba, ba da kumfa ba,
siriri, yana lallaɓowa tsakanin kachalla
kamar yaron da ya daɗe a wurin aike
yana tsoron a tambaye shi canji.
Ya cika sawun dorina, ya taɓa idon sawuna,
jirgi ya motsa kafaɗa, ya farka.

Ban ce komai ba.
Ɗantala ya miƙe, ya ɗaga gwangwala shi kaɗai,
ya lashi yatsa, ya ɗaga sama,
ya saki igiya kaɗan, ya ja kaɗan.
Hayaƙin banda na tashi daga tsibiri,
gishiri bai jiƙe ba,
sauro sun fara sallama.
Na koma baya na zauna kan buhu,
na bar masa tafki da iskar da ke juyowa.